Daga Babbaƙu Zuwa Aji Ɗaya: Koya wa Ƙananan Yara Sautin Harafi da Rubuta Shi

Laccar da aka gabatar ga malaman firamare da iyayen yara a birnin Sakkwato

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam ta hanyar alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.



Gabatarwa

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau abu ne da mutane da yawa ke rainawa: yadda yaro ɗan shekara biyar ko shida zai ga harafi ya san sautinsa, ya kuma riƙe fensir ya rubuta shi. In ana zancen ilimi a taro irin wannan, hankalinmu kan tafi ga jami'a, da sakamakon WAEC da NECO, da yawan likitocin da jiha ta yaye. Amma duk wanda ya taɓa gyara takardun jarrabawar 'yan sakandare ya san inda ciwon ya faro. Saurayin da ya faɗi jarrabawar kimiyya, sau da yawa karanta tambayar ce ta fara gagarar sa, kuma wannan gagara ta samo tushe tun ranar da aka wuce da shi aji biyu na firamare alhali bai san abin da harafin "m" yake faɗa ba.

Magana ɗaya nake so mu tafi da ita gida. Karatun fari yana tsayuwa a kan abu uku da ake koyarwa tare, daki-daki, cikin harshen da yaro yake ji: kunne ya ji sauti, ido ya gane harafin da ke ɗauke da shi, hannu ya rubuta shi. Garin nan kuwa ya san wannan hanya tun kafin boko ya iso. Mu ne muka ajiye ta a bakin ƙofar aji ɗaya, muka shiga hannu rabbana.

Halin da muke ciki

Kowa a nan ya san darasin da zan kwatanta. Malama ta rubuta haruffa daga A zuwa Z a kan allo, ta ɗauki sanda tana nunawa, yara saba'in ko tamanin suna rerawa da ƙarfi. Mai wucewa a hanya zai ce karatu ya kankama. To, ku kira yaro ɗaya, ku nuna masa harafi daga tsakiya ku ce mene ne wannan. Ko dai ya yi shiru, ko ku ga bakinsa na motsi, ya koma farkon waƙar yana biyowa har ya iso wurin. Waƙar ya haddace, harafin bai sani ba. Daga nan sai a ce su kwafi abin da ke kan allo. Yaron zai zana shi kamar yadda zai zana mota ko kaza, a maka masa jan biro, shekara ta ƙare, ya wuce.

An auna wannan abu a jiharmu. A 2011 da 2013 an yi gwajin karatun Hausa ga yaran ƙananan azuzuwan firamare a jihohin Sakkwato da Bauci, ana zama da yaro shi kaɗai a ba shi ɗan gajeren labari. Mafi yawan yaran da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, kuma da harshen da suke magana da shi a gida aka yi gwajin. Matsalar ta wuce iyakar jiharmu. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 89.

Ban kawo waɗannan alƙaluma don in ɗora wa malamin aji laifi ba. Malamin da aka ba yara cunkus, babu littafi, babu alli, kuma ba a taɓa nuna masa yadda ake koyar da sautin harafi ba, abin da aka yi masa yana yaro shi zai maimaita. Na kawo su ne don mu yarda cewa hanyar da muke bi ba ta kai mu gida.

Gadon da muke da shi a makarantar allo

Mu koma zaure, wurin da yawancinmu muka fara. Yaron da aka kai makarantar allo ba a buɗe masa sura a ce ya karanta. Da babbaƙu ake fara masa: malam ya rubuta baƙaƙe tsirara, babu wasali, yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana kiran sunansu: alu, ambaki, wau, zal. In ya gane su sai a shiga farfaru, a ɗora wa baƙaƙen wasula: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri. A nan ne yake gane cewa baƙi ɗaya yana iya zama "ba", ya zama "bi", ya zama "bu". Sannan haɗɗatu, inda yake haɗa gaɓa da gaɓa har kalma ta fito. Sai bayan wannan ne yake kaiwa ga ɗaukar alƙalami ya tsoma a tawada ya rubuta allonsa da hannunsa.

Ku dubi hikimar da ke ciki. Ta farko, tsari: ba a hawa mataki na biyu sai na ɗaya ya zauna. Ta biyu, sunayen da malamanmu suka raɗa wa haruffa suna kwatanta siffarsu da harshen yaro: ɗa mai hannu, ha kuri, mim jaye, ba guje. Yaro na jin sunan, kamannin harafin ya faɗo masa. Ta uku, kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya. Ba ya wankewa sai ya biya wa malam, malam ya gamsu. Ke nan kullum akwai jarrabawa, kuma ta mutum ɗaya-ɗaya ce. Ta huɗu, kayan aikin masu araha ne: icce, kara, da tawadar da ake haɗawa a gida.

Da wannan hanya aka yi al'ummar da ta bar mana ɗimbin littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello. Wanda ya ƙware da baƙi da wasali a kan allo, shi ne ya iya karanta Hausa da Fulatanci cikin ajami, domin malamai sun yi wa haruffan kwaskwarima su ɗauki sautukanmu. Ɗigon imala na ƙira'ar Warshu, alal misali, shi ya zama wasalin "e". Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajoji su kai ilimi ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Mahaifinta Shehu Usmanu ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albab. Wanda yake son ganin 'ya'yan wannan aiki da idonsa, ya je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a nan cikin gari ya ga rubuce-rubucen hannu.

Wani abin lura shi ne, binciken zamani ya zagayo ya tarar da malamanmu. A Amurka, kwamitin ƙasa da ya tattara bincike kan karatu ya bayyana a 2000 cewa koyar da dangantakar harafi da sauti a tsare ya fi barin yaro ya yi ta cankar kalmomi. A Ingila, rahoton Jim Rose na 2006 ya sa aka mayar da wannan hanya ginshiƙin karatun fari, daga 2012 kuma aka riƙa gwada kowane yaro ɗan wajen shekara shida a kanta. Harafi da sautinsa, sai gaɓa, sai kalma: babbaƙu, farfaru, haɗɗatu ke nan.

Akwai abu biyu da bai kamata mu ɗauko ba. Na ɗaya bulala. Hannun da ke rawa don tsoro ba ya zana harafi mai kyau, kuma yaron da ke jiran duka ba ya yarda ya gwada ya yi kuskure, alhali ta gwaji ake iyawa. Na biyu jinkirin ma'ana. Ɗan makarantar allo yana karanta Larabcin da bai fara ji ba tukuna, kuma wannan yana da dalilinsa na ibada da kiyaye Littafin Allah. Amma ɗan aji ɗaya da ke karanta Hausa ba shi da dalilin jira. Tun kalmar farko ya kamata ya san abin da ya karanta.

Sauti kafin suna

Rubutun bokon Hausa ya fara daidaituwa ne a hannun Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. A shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, zamanin da Rupert East yake jagorancin aikin talifi a Zariya, wanda ya haifar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abin da muka gada daga wannan aiki babbar sa'a ce: a Hausa kusan kowane harafi sauti ɗaya yake faɗa, kuma ba ya sauyawa. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. Yawancin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali. Wanda ya san sautukan ya iya aurar da su, ya gama da rabin aikin.

Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, sautukansa kimanin 44, kuma harafi ɗaya kan faɗi abu uku ko huɗu. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya kwatanta yaran ƙasashen Turai a ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta. Yaran Finlan da Italiya da Girka da Sifen, waɗanda rubutunsu ke bin furuci kamar namu, sun riga sun iya karanta kusan duk kalmomin da aka ba su. Masu koyon Turanci kuwa an bar su a baya nesa. Hausa tana cikin sahun masu sauƙi. Yaron da aka koya wa daidai, shekara ɗaya ta ishe shi ya fara karatu.

To me ke hana mu? Muna koya wa yaro sunayen haruffa na Turanci, sannan mu ce ya karanta Hausa da su. An ce masa "a" sunansa "ei", "e" sunansa "i", "i" sunansa "ai", "u" sunansa "yu", "c" sunansa "si". Sai a rubuta masa "ci" a ce karanta. In ya bi abin da aka koya masa, "si-ai" zai ce. Laifinsa ne? Mu muka ba shi mabuɗin wani ɗaki muka tsayar da shi a ƙofar wani.

Ga yadda nake ganin ya dace a bi. A fara da kunne, kafin a nuna harafi ko ɗaya. A tambayi yara: da wane sauti sunan Musa ya fara? Wa kuma ke da suna mai farawa da irinsa? Maryam ta ɗaga hannu, Mu'azu ya ɗaga. A tafa gaɓoɓin suna: A-mi-na, tafi uku. Wannan wasa ne, amma shi ke buɗe wa yaro cewa magana guntu-guntu ce da ake iya rabawa a kuma haɗa.

Sannan a shigo da haruffa, biyu ko uku a mako, kuma ba dole ne a bi jerin A zuwa Z ba. A zaɓi waɗanda suka fi yawa a magana, waɗanda za su haifi kalma nan take. Da a, n, m, k kawai yaro zai karanta mama, kaka, nama, kama, nan. Zai karanta jimla sukutum: "Kaka na nan." Wannan a cikin makonni biyu ko uku na farko ne. Duk malamin da ya ga fuskar yaro ranar da ya haɗa "na" da "ma" da bakinsa, ya ji ashe nama ne, naman da ya sani, ba zai sake komawa ga rera haruffa ba.

A lura da furuci. Sautin "m" a rufe baki ake yin sa, "mmm". In malam ya ce sautinsa "ma" ne, yaro zai ga "mu" ya ce "ma-u". A ware lokaci na musamman ga masu ƙugiya, domin su ne ke raba bata da ɓata, fada da faɗa, kafa da ƙafa, baki da baƙi. Haka ma tagwayen baƙaƙe irin sh, ts, ky, gw, ƙw, a koyar da su a matsayin sauti ɗaya mai haruffa biyu. Akwai kuma abin da rubutunmu ba ya nunawa, wato tsawon wasali da karin sauti: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya ne. Jimla ce ke bambanta su, shi ya sa bayan kowane karatu dole a tambayi yaro: me ka karanta? Wa ke nan? Me ya faru?

Aikin hannu

Wasu kan ce a bari yaro ya iya karatu tukuna, rubutu ya biyo baya. Wasu ma na cewa zamanin waya da kwamfuta ne, rubutun hannu ya kusa zama tarihi. Bincike bai goyi bayansu ba. A Faransa, Marieke Longcamp da abokan aikinta sun nuna a 2005 cewa ƙananan yaran da suka koyi haruffa ta rubuta su da hannu sun fi waɗanda suka danna su a na'ura gane su daga baya. A Jami'ar Indiyana ta Amurka, Karin James ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 'yan shekara biyar, sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna sassan da ke aiki lokacin karatu sun fi motsawa ga haruffan da yaro ya rubuta da kansa, fiye da waɗanda ya danna ko ya bi sawunsu a kan ɗigo-ɗigo. Tun 1907 a birnin Rum, Maria Montessori take sa yara su shafa haruffa masu kaushi da yatsa suna furta sautinsu. Hannu yana taya ido riƙe harafi.

Garin nan garin dukawa ne. Baduku ba ya miƙa wa sabon yaro jar fata mai tsada ranar farko. Sai ya koyi riƙon basilla, ya yi ta huda a kan guntayen fata, hannunsa ya faɗa, kafin a ba shi jaka ya ɗinka. Haka yatsun ɗan shekara huɗu ko biyar suke, ba su gama ƙwari ba. A rabin aji, a bar shi ya murza yumɓu, ya tsince tsakuwa, ya zura ƙwallaye a zare, ya yi zane a rairayi da yatsa. Daga nan a koya masa sassan da ake gina harafi da su: layi a tsaye, layi a kwance, layi a karkace, da'ira, da ƙugiya. In waɗannan sun zauna, harafi haɗa su ne kawai.

Sannan riƙon fensir: babban yatsa da manuni su riƙe, na tsakiya ya tallafe. Guntun fensir ya fi dogo dacewa da ƙaramin hannu. A nuna wa yaro inda kowane harafi yake farawa da inda yake bi, malam ya juya baya ga aji ya rubuta a iska da babban motsi, yara su bi, sannan a ƙasa, sannan a kan ɗan allo, takarda ta zo ƙarshe. Kowane lokaci bakin yaro yana furta sautin da hannunsa ke rubutawa. A fara da ƙananan haruffa, tunda su ne suka cika kowane shafi. Manya su biyo baya, sai fa harafin farko na sunan yaro. Layi biyu da aka rubuta da natsuwa sun fi shafi biyu da aka cika don a huta da hayaniya. Kuma kullum a rufe da 'yar shifta: malam ya faɗi "ka", yara su rubuta, su ɗaga allunansu sama ya gani. A minti ɗaya ya san wanda ya gane da wanda ke bukatar taimako.

Abu uku kan tayar wa iyaye da malamai hankali a nan. Na ɗaya, juya harafi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta saba ɗaukar abu a matsayin abu ɗaya ko ina ya fuskanta. Buta buta ce ko bakinta na dama ko na hagu. Sai a rubutu ne juyawa ke sauya ma'ana, kuma yaro na bukatar lokaci kafin ya saba. Namu yaran aikinsu ya fi yawa, domin huɗu ne masu kama da juna: b, d, ɓ, ɗ. Kada a koyar da su a mako ɗaya. A bar ɗaya ya zauna kafin a kawo ɗan'uwansa. Na biyu, alkiblar rubutu. Yaronmu da safe yana rubutu daga hagu, da yamma a Islamiyya ko a zaure daga dama. In ya rikice a farko ba dolanci ba ne, hanya biyu yake koyo a lokaci guda. Ɗan ɗigo a gefen da ake farawa ya isa tunatarwa. Na uku, bahago. Kimanin mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya halicce shi. Ladabin ci da sha da gaisuwa da hannun dama yana nan, a koya masa. Amma tilasta masa sauya hannun rubutu da duka yakan bar shi da mummunan rubutu da ƙin makaranta. A zaunar da shi a gefen hagu na benci, a karkata masa takarda, a ƙyale shi.

Sakkwatanci da Turanci

Yaron da ya taso a Kanwuri ko Mabera ko Runjin Sambo, "hwara" yake ji a gida, da "tahi", da "biyat". Littafi kuwa "fara" ya rubuta, da "tafi", da "biyar". In ya rubuta abin da kunnensa ya ji, alama ce ya gane sirrin rubutu. Kada a ce masa Hausarsa ba daidai ba ce. Harshen iyayensa ne, da shi aka yi wa'azi da waƙa a ƙasar nan shekaru aru-aru. A ce masa: haka muke faɗa, ga kuma yadda ake rubutawa a littafi don na Kano da na Maraɗi su karanta. Haka nan a kula da yaran da Fulatanci ko Zabarmanci ne harshen gidansu. Su suna bukatar ƙarin hira da labari da Hausa kafin haruffa su yi musu ma'ana.

Iyaye da yawa suna son 'ya'yansu su ji Turanci da wuri, kuma suna da gaskiya, don da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki. Tambayar ita ce wace hanya ta fi kaiwa can. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da fara karatu da harshen gida. Dalilin a fili yake: gane cewa harafi sauti ne sau ɗaya ake yin sa a rayuwa. Wanda ya gane da Hausa, zai ɗauki b, d, m, n, k, s, t da sauransu ya shiga Turanci da su, sai ya koyi sababbin kawai. Saboda haka a fara Turanci da baki tun ranar farko, gaisuwa da hira da sunayen abubuwa. Sautukan rubutunsa, irin waɗanda tsarin Jolly Phonics ke koyarwa, su shigo bayan na Hausa sun kafu, a darasi dabam.

Aikin da ke kan kowa

Daga 2015, wani shiri da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa ya kawo littattafan Mu Karanta! makarantun Sakkwato da Bauci, aka horar da malamai kan koyar da sauti da gaɓa. Shirin ya nuna abin yana yiwuwa a azuzuwanmu. Amma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar baki ɗaya. Darasin a bayyane yake: karatun 'ya'yanmu ba zai rataya a aljihun baƙo ba. Ina roƙon Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha ta sa buga littafin karatun aji ɗaya zuwa uku cikin kasafinta na kowace shekara, littafi ɗaya ga kowane yaro a ƙananan hukumomi 23, ya kuma tafi da shi gida.

Ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: kada ɗalibi ya karɓi shaidar koyar da firamare sai an gan shi ya zauna da ƙananan yara ya kai su daga sauti zuwa kalma.

Ga shugabannin makarantu: ku daina tura sabon malami ko wanda ya fi rauni aji ɗaya. Gwanin makaranta can ne wurinsa. Ku ware sa'ar farko ta safiya ga karatu da rubutu. Sau ɗaya a zango, ku zauna da yara ɗaya-ɗaya, ku nuna musu haruffa a hargitse, ku rubuta wanda ya sani da wanda bai sani ba.

Ga malaman aji: rashin kaya gaskiya ne, amma kwalin da aka yar yana zama katin harafi, marfin kwalba yana ɗaukar gaɓa, filin makaranta kuwa allo ne da ba ya ƙarewa. In yara sun yi yawa, ku raba su rukuni-rukuni, wanda ya gane ya ja na baya, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo.

Ga alarammomi da malaman Islamiyya: yaron nan ɗaya ne, da safe yana wurinmu, da yamma yana wurinku. Ku kun riga mu sanin wannan sana'a. Mu zauna tare, mu koya daga gare ku, ku ma ku ga abin da muke yi.

Ga iyaye, musamman mata: ko ba ki yi boko ba, ke ce malamar kunne. Tatsuniya, kacici-kacici da karin magana su ke cika wa yaro rumbun kalmomi. In ya dawo, ki ce ya nuna miki harafin yau a ƙasa ya faɗi sautinsa. Ki nemi irinsa tare da shi a jikin buhun shinkafa ko kwalin shayi. Kuma 'ya mace ta sami wannan daidai da ɗa namiji.

Kammalawa

Malaman tarihi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa kuma ya iya rubutu, an yarje masa ya koya wa yara goma na Madina rubutu a sake shi. Al'ummar da take cikin yaƙi da ƙarancin dukiya ta kimanta koya wa yaro harafi daidai da fansar wuyan mutum. Mu da muke cikin garin Shehu ba mu da uzurin kimanta shi ƙasa da haka.

Saboda haka ina neman alkawari ɗaya daga kowace makaranta da ke da wakili a ɗakin nan: daga wannan shekara, kada yaro ya bar aji ɗaya sai ya san sautin kowane harafin Hausa, ya iya rubuta shi, ya kuma karanta gajeriyar jimla ya faɗi abin da take nufi. Abu ne da ake iya aunawa, kuma ba ya jiran sabon gini ko tallafin waje.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya buɗe ƙwaƙwalensu, ya saka wa malamanmu na allo da na boko da alheri, ya jiƙan magabatanmu.